Ɗango biyu na waƙar ɗan takara: wane kari ne?

Ɗan Adar (Tawa): Salamu alaikum malamai. Ga ɗango biyu daga wata waƙar raha kan ɗan takarar depite, wato ɗan majalisa:

Da zaɓe ya zo sai ya zam ɗan gida,
Ya hau kan kujera ya jefo gyaɗa.

Wane kari ta hau? Kuma "gida" da "gyaɗa" sun yi amsa-amo kuwa?

Malamin Yamai: Wa alaikumus salam ƙanena. Mutaƙarab ne, ɗaya daga cikin karuruwan waƙa na Larabci. Ƙafarsa, wato rukunin gaɓoɓin da ake maimaitawa, ita ce fa'ulun: gaɓa gajera ɗaya, dogaye biyu. Yanka da kunne, don boko ba ya nuna tsawon wasali: da-zaa-ɓee / ya-zoo-sai / ya-zam-ɗan / gi-daa. Ƙafa 3 cikakku, ta 4 an datse mata gaɓar ƙarshe. Na biyu ma haka: ya-hau-kan / ku-jee-raa / ya-jee-foo / gya-ɗaa. Inda masu koyo ke faɗuwa wurin "ya" ne. Nan gajere ne, ba irin "yaa zo" na "ai ya zo tun jiya" ba. Ka ja shi, ƙafar ta karye.

Inna Hausa: Malam ya yi daidai, amma da bakin Kano ya yanka. Ba'adare "yaz zo" da "yaz zam" zai ce, gajerar ta koma doguwa, ƙafa ta 2 da ta 3 su zama dogaye uku-uku. To kafin a ce waƙa ta yi ɗingishi, a fara tambayar bakin da aka rera ta da shi.

Amsa-amo kuwa, in za a tsananta, "da" daban "ɗa" daban. "Guda" ce za ta zauna daram. Ni dai ba zan taɓa gyaɗar ba, nan dariyar take: jiya ɗan gida, yau yana jefo mana abin da ake jefa wa biri. Kuma duka biyun da sauti sama suka ƙare, shi ya sa kunne bai ƙi ba.

Malamin Yamai: Na karɓi gyara, Inna. Ɗan Adar, kada ka kira waƙar nan zambo a nazarinka. Ba a siffanta tumbinsa ko hularsa ba, ba a kama suna ba. Habaici ne, mai kaza a aljihu shi zai ji kas.