Tiriftik shekara guda ne, amma motar za ta shekara a Sudan?

Daga zauren WhatsApp na Hausawan Gadarif mazauna Jidda

Alhaji Sale: Salamu alaikum jama'a. Bayan Sallah zan ɗora Hilux ɗina a jirgin ruwan Sawakin in kai ta gida Sudan. Tiriftik ɗin da na yanka a nan, wato littafin shiga da mota wata ƙasa na ɗan lokaci ba tare da biyan kuɗin fito ba, shekara guda ne cur. Zan yi wata ɗaya in dawo bakin aiki, in bar wa ƙanena Idi ita ya yi jigilar riɗi da dawa har ƙarshen kaka. Muddin littafin bai mutu ba, babu mai ce masa uffan.

Musa Direba: Wa alaikumus salam Alhaji. Wa ya gaya maka haka? Shekarar da ke jikin littafin wa'adin littafin ce. Kwanakin da mota za ta yi a cikin Sudan kuwa, kwastan ne ke rubuta su ranar da ta sauka. Ni lokacin da na shiga da tawa wata uku suka ba ni, da na so ƙari sai da na koma ofishinsu da ƙafata.

Alhaji Sale: To me na saya da kuɗina ke nan, Musa? Na biya kuɗin littafi, na ajiye jingina.

Babangida: Baba Alhaji, kai motarka kawai. Ƙasar da motocin fasa-ƙwauri na Libiya da ake kira "boko" suka yi shekaru suna yawo babu takardar kwastan, ita ce za a tsaya ƙirga wa Hilux ɗaya kwanaki? Balle yanzu, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kowa ta kansa yake yi.

Malam Usmanu Sawakin: Ku ba ni dama, tunda fitar da motoci a tashar ruwa shi ne abincina. Alhaji, lamuni ka saya. A ƙa'ida duk motar da ta shigo ƙasa sai an biya mata kuɗin fito. Kulob ɗin motocin da ya ba ka littafin shi ya tsaya maka, ya ce wannan baƙuwa ce, za ta fita, in ba ta fita ba a tambaye mu. Tsarin ba na Sudan kaɗai ba ne, ya samo asali daga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1954 kan shigo da motocin hawa na ɗan lokaci, sannan aka yi ta Istanbul a 1990.

Buɗe littafin ka duba. Kowane shafi kashi uku ne. Ranar shiga jami'i zai yage na ƙasa ya riƙe, ranar fita a yage na tsakiya, na saman ya zauna a littafin da hatimi biyu, na shiga da na fita. Hatimin nan na biyu shi ne komai. In babu shi, a idon kwastan motar tana cikin ƙasa ko da ta zama ƙarfen jari. Za su aika wa kulob ɗin da ya tsaya mata a Sudan da takardar neman kuɗi, shi kuma ya aika wa na Saudiyya, na Saudiyya ya taɓa jinginarka, in ba ta isa ba ya neme ka.

Babangida: Sai su neme shi mana, a Jidda yake.

Malam Usmanu Sawakin: Ai a Jiddan ya sa hannu, ɗana. Mai motar boko ba shi da suna a littafin kowa, Alhaji kuwa lambar iƙamarsa, katin zamansa a Saudiyya, ma tana hannunsu.

Musa Direba: Kuma maganar Idi ta fi ta wa'adin muni. Sassaucin na wanda ke zaune a waje ne, ya zo da motarsa don amfanin kansa. Ba a sayar da ita, ba a ba da hayarta, ba a ɗaukar kaya ko fasinja da ita don kuɗi. Mota mai lambar Saudiyya, an lafta mata buhunan riɗi, mai ita yana Jidda, a shingen farko na hanyar Kassala za a tambayi Idi takardu.

Alhaji Sale: Riɗin gonarmu ne fa, ba na haya ba. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya. In yi masa wakilci a wajen lauya, shi ke nan.

Malam Usmanu Sawakin: Wakilcin zai nuna ba sato ta ya yi ba. Ba zai mai da Idi mazaunin Saudiyya ba.

Hajiya Rabi: Ni dai ba na shiga maganar motoci, amma Yaya Alhaji ka tuna da ɗaya gefen. Maigidana da aikinsa ya ƙare, bizar fita ta ƙarshe daga Saudiyya ƙin fitowa ta yi saboda akwai mota da sunansa, motar kuwa tana can Madani a gidan surukai. Ba a ba mutum fita ta ƙarshe da mota a kansa. Mun sha wuya kafin a raba sunansa da ita, ga hayar gida tana tafiya.

Sani Kassala: Gaskiyar Hajiya. Ga istimara ma, takardar rajistar motar ta Saudiyya, tana da nata wa'adin, ita ba ruwanta da inda motar take.

Babangida: To ku masu bin doka, waɗanda suka shiga da motoci kafin yaƙi aka ƙwace musu a Khartum fa? Su ma hatimin fita za su kawo?

Malam Usmanu Sawakin: Wannan tambaya ce ta gaske, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Yarjejeniyar ta yi magana a kan motar da ta yi mummunan haɗari: ko a biya mata fito, ko a sallama wa gwamnati ita, ko a lalata ta a gaban jami'ai, gwargwadon abin da kwastan suka nema. Wanda aka ƙwace wa kuwa, abin da nake gaya wa kowa shi ne ya samu rahoton 'yan sanda, ya sanar da kwastan da kulob a rubuce tun da wuri, kada ya zauna jiran a neme shi. Amma wannan masifa ce ta faɗa wa mutum. Alhaji shi da gangan zai bar tasa.

Alhaji Sale: Kun taru a kaina kamar na ce zan yi fasa-ƙwauri. Har yanzu ina ganin littafin shekara ya kamata ya ba mota shekara, in ba haka ba a rage mana kuɗinsa. Malam Usmanu, in na ce a soke lambar Saudiyya a nan, in shigar da ita gaba ɗaya da sunan Idi, fiton Hilux ƙirar 2016 nawa zai kama?

Malam Usmanu Sawakin: Kafin maganar kuɗi sai an duba ko shekarar ƙirarta ta shiga cikin waɗanda ake karɓa yanzu, don sharaɗin yana canjawa. Turo mini hoton istimara ta gefe, gobe ina tashar.