Sitikar RFID a kan atamfa da shadda: akwai wanda ya gwada a Kwari?

Magajin Shago

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa abin nan da hannunsu, don na YouTube dai na kalla har na gaji.

Shekara uku ke nan da Baba ya miƙa mini makullan shagonmu na Kantin Kwari da sito biyu, ɗaya a cikin kasuwa, ɗaya a Sharaɗa. Sarin atamfa muke yi, da shadda, da ɗan leshi. Duk shekara kafin azumi mukan rufe sito mu yi ƙidaya saboda zakka. Bana kwana huɗu muka kwashe mu shida, a sauke turame a mayar, ƙura ta cika mana hanci, ƙarshenta littafi ya faɗi nasa, kanta ta faɗi nata. Turmi 83 babu su babu dalilinsu. Abin da ya fi ɗaure mini kai, a wani zanen sai muka tarar da rarar turmi 20 da ba a taɓa rubutawa ba. Kun ga ke nan ba ni da bakin cewa sata ce. Ko an ba kwastoma wani zane an rubuta wani, ko 'yan dako sun kai dila wani sito, ko kuwa da gaske akwai mai hannu, Allah masani. Baba bai ce komai ba, kallona kawai ya yi ya ci gaba da jan carbinsa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Bara da na je Gwanzu ta ƙasar Chaina na shiga shagon tufafi na Uniqlo na sayi riguna. Wajen biya babu mai ɗaukar kaya yana dannawa ɗaya bayan ɗaya. Zuba su na yi cikin wani kwami, nan take allo ya jero su duka da kuɗinsu. Na tambaya aka ce mini RFID ce, wata 'yar aba a cikin takardar farashi. Tun ranar abin yake raina.

To makon jiya wani matashi ya zo shago da kwamfutarsa, ya ce kamfaninsu zai haɗa mana: sitika a kowane turmi, na'urar hannu mai kama da bindiga, wata ƙofa da za a kafa a bakin sito, da manhaja. Ya ce ƙidayar kwana huɗu za ta koma awa biyu, sata kuma ta ƙare. Kuɗin da ya faɗa ya kai na ƙaramar mota.

Tambayata: tana iya karanta turame suna cikin dila a ɗaure? Da gaske tana hana sata? Kuma mai jari irin nawa ya dace ya shiga, ko rawar 'yan mata zan yi da kuɗin Baba?

Injiniyan Bompai

Wa alaikumus salam Alhaji ƙarami. Na yi aikin haɗa irin wannan a wata masana'anta, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Sitikar ba ta da batir. A cikinta akwai cif da bai kai ƙwayar gero ba, da eriya ta siririn alminiyom da aka shimfiɗa a takardar. Na'urar hannu ce ke turo igiyar rediyo, sitikar ta sami ɗan ƙarfi daga nan, ta mayar da lambarta. Shi ya sa ba sai ka gan ta ba, daga nisan 'yan mitoci za ta amsa, kuma ɗaruruwa za su amsa cikin daƙiƙu kaɗan. Bambancinta da bakod na yau da kullum (baƙaƙen layukan nan na jikin kaya da ake dannawa wajen biya) shi ne bakod iri yake faɗa maka, wato "wannan atamfa kaza ce", ita kuwa kowane turmi lambarsa daban. Turmi na 412 ba zai rikiɗe da na 413 ba ko da zanensu ɗaya.

Ka yi sa'a a abu ɗaya: yadi na cikin kayan da wannan fasaha ta fi so. Maƙiyanta biyu ne, ruwa da ƙarfe. Ruwa shanye igiyar yake yi, ƙarfe kuma ya mayar da ita baya ko ya kashe eriyar in sitikar ta kwanta a kansa. Busasshen auduga kuwa ratsa shi take yi. Amma ka duba kayanka da kyau. Takardar gwal mai ƙyalli da ake liƙa wa atamfa da shadda, wata akwai ƙarfe-ƙarfe a jikinta, in ka ɗora sitika a kanta ta zama kurma. Leshi mai zaren gwal shi ma sai an gwada. Dila da aka matse aka ɗaure da bel na ƙarfe, na gefe za su amsa, na tsakiya wasu za su yi shiru, musamman in sitikun sun kwanta daidai kan juna. Sannan in kantocinka na ƙarfe ne, turmin da ya jingina da ƙarfen zai riƙa ɓuya. Har jikinka ma, tunda galibinsa ruwa ne, in ka tsaya tsakanin na'ura da kaya ka tare hanya.

Kada ka karɓi maganar baki. Ka ce masa ya zo da sitika 200 da na'urarsa, ku liƙa, ku mayar cikin dila yadda take zuwa, ya karanta a gabanka sau biyar. In 200 ta fito 200 duk sau biyar ɗin, sai a zauna maganar kuɗi.

Batun ko ya dace da kai, ga ɗan tarihi. A 2003 Walmart, mai manyan kantuna a Amurka, ta umarci manyan masu kawo mata kaya guda 100 su sa wannan sitika a kwalaye da falet (katakon da ake jera kwalaye a kai) kafin Janairun 2005. An yi ta kururuwa cewa bakod ya mutu. Abin bai tafi yadda aka zata ba, saboda masu kawo kayan ne ke biyan kuɗin sitika, amfanin kuma yana wajen Walmart, ga kwalayen sabulun ruwa da na gwangwani suna ba da wahala. Sai da aka koma kan tufafi ɗaya-ɗaya, wajen 2010, sannan abin ya kama ƙasa. Zara, mai shagunan tufafi, ta bi sahu a 2014, ita cikin maƙalar hana sata ta sa cif ɗin, in an sayi riga a cire a sake amfani da shi. A 2022 Walmart ta faɗaɗa umarnin zuwa kayan gida da kayan wasan yara da na lantarki.

Abin lura a duk waɗannan, a masana'anta ake liƙa sitikar, kaya su iso da ita. Su suna da ƙarfin da za su ce wa mai ɗinki "in babu sitika kada ka kawo". Kai wa zai liƙa maka? In kwantena ta iso sai an farke kowace dila, a liƙa wa kowane turmi, a shigar da shi manhaja da sunan zanensa. Wannan aikin bai faɗa maka kuɗinsa ba, kuma ya fi kuɗin sitikar kanta, wadda in an saya da yawa 'yan santin dala ce. In kana da mutum tsayayye a Gwanzu da yake buga maka zanenka, ka tambaye shi nawa zai ƙara a turmi ya liƙa daga can. Amsarsa ce za ta raba gardama.

Dattijon Layin Shadda

Yaro, gaishe da mahaifinka, na san irinsu ko ban san shi ba.

Ni ban iya turancin injiniya ba, jikana ne ma ke rubuta mini wannan. Shekara 40 da wani abu ina Kwari. Tambaya ɗaya zan yi maka: a sitonka mutum nawa ne ke da ikon fitar da kaya? In amsar ta wuce ɗaya, ka nemi turamenka 83 a nan. Kai ka aiko a ɗauko, ƙaninka ya aiko, Alhaji ya bugo waya a ba wane dila biyu zai kawo kuɗi bayan sallah, maƙwabci ya ari turmi goma don kwastomansa na tsaye, ya dawo da wani zane daban. Wanne aka rubuta? Rarar 20 ɗin nan da ka gani, na rantse aron maƙwabta ne.

Sannan shadda da ake yanka fa? Bandir ne, yau a yanki yadi biyar, gobe goma. Sitikar tana nan a jikin kwali tana cewa "ina nan", alhali saura yadi uku. Ta iya awo ne?

Kuma ka yi hattara da zukatan yaranka. Yaron da ya yi maka shekara takwas yana jiran ranar da za ka sallame shi da jari, ran da ya ga an kafa ƙofa mai ƙara a bakin sito, ya san da wa ake. In za ka yi, ka tara su ka ce don ƙidayar zakka ce, kuma ya zama gaskiya ka faɗa.

Hajiya Mai Sito, Legas

Baba Dattijo ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni zan ba ka labarin asarar da na yi, ƙanena, don kada ka maimaita.

Ina kula da siton takalma da jakunkuna a Ikeja. Shekara biyu da suka wuce na ga na'urar hannu ta gwanjo da araha a intanet, aka kawo mini daga Amurka. Sai da wani masani ya duba ya ce mini wannan a zangon igiyar rediyo na 902 zuwa 928 megahaz take aiki, na Amurka. Na Turai 865 zuwa 868 ne, kuma shi ya ce in nema. Na Amurkan yana hawa kan zangon da layukan waya ke amfani da shi a nan, wajen 900. Na Chaina ma nasu daban ne, wajen 920 zuwa 925, don haka kai mai zuwa Gwanzu ka buɗe baki ka ce na Turai kake so, kuma ka tambayi mai sayarwa ko hukumar sadarwa ta NCC ta amince da samfurin. Tawa tana cikin durowa har yau.

Da na sayi daidai, ƙidaya kam ta yi sauƙi, ba zan ɓoye ba. Abin da muke yi wuni biyu yanzu kafin azahar an gama, don haka duk Asabar muke yi. Amfanin ke nan a wajena: in abu ya ɓace ina sani cikin mako guda, lokacin da kowa ke iya tuna wa ya shiga wa ya fita. Ɓatan da ka gano bayan wata goma sha ɗaya wa za ka tambaya?

Hana sata kuwa, ƙarya yake yi maka. Sitika takarda ce, da farce ake ɓare ta. Mun taɓa tarar da sitiku bakwai a manne a ƙarƙashin kanta, na'ura tana ta ƙirga su lafiya lau, takalman kuwa sun daɗe da barin Legas. Ƙofar ma mun kafa mun cire. In an ɗauke wuta ta mutu sai an haɗa mata inbata, in tana aiki kuma ta riƙa karanto kayan da ke ajiye kusa da ita tana cewa sun fita.

Ka tambaye shi kuma: manhajar kuɗin shekara-shekara ce? In kun ɓata, bayanan kayanka za ka iya fitar da su a Excel, ko suna hannunsa?

Magajin Shago

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Dattijo, wallahi kamar kana sitonmu. Na ƙirga, mu huɗu ne ke sa a fitar da kaya, kuma na Baba ba a taɓa rubutawa ba, don babu yaron da zai iya ce masa "Alhaji kawo takarda". Na karanta masa maganarka jiya bayan isha'i, ya yi dariya ya ce aron maƙwabta kam ba ranar da ba a yi.

Na kira matashin na faɗa masa gwajin sitika 200. Ya ɗan yi jim, ya ce sai ya tambayi ogansa. Manhajar kuma ashe kuɗin shekara ce, da dala, bai faɗa ba sai da na tambaya, Hajiya.

Ga inda tunanina ya tsaya. Ƙofa na fasa. Ƙaramar atamfa da ribar turmi ba ta taka kara ta karya ba, ba zan sa mata komai ba, littafi ɗaya da mutum ɗaya mai sa hannu za mu gwada, in Baba ya yarda ya riƙa bi ta wajensa, wanda shi ne babban aikin. Leshi da manyan atamfofi da ake sayarwa a turminsu ba yanka, su nake so in gwada wa sitika da na'urar hannu guda ɗaya, ba su fi guda 1,500 ba. Injiniya, haka ya yi? Kuma a ina zan liƙa ta, tunda ba zan manna gam a jikin leshi mai tsada ba?

Injiniyan Bompai

Ya yi, Alhaji ƙarami. Kada ka manna a yadin. Ko ka liƙa a ledar, can nesa da takardar gwal, ko ka sayi irin ta kati mai rataya a maƙala da zaren roba a gefen turmi. Ta ratayen za ka iya cirewa in an saya ka mayar wa wani, amma fa sai an sauya bayaninta a manhaja, in ba haka ba leshin da ka sayar tun watan jiya zai ci gaba da amsa sunansa a kanta. Ka sa a buga bakod da lamba a fuskar katin, ranar da batirin na'ura ya mutu waya ma za ta karanta.

Kantocin ƙarfen nan kuma ka shimfiɗa musu katako ko kwali mai kauri. Gwajin ma ka jira ka yi shi a siton Sharaɗa ranar da aka yi ruwa, kaya sun ɗan sha danshi, don a rani kowace na'ura gwana ce. In ogan nasa ya ƙi zuwa ka yi mini magana, akwai ta wajen aikinmu, sai in zo da ita ranar Lahadi mu zaga kantocin tare.