Hukuncin laifin bugun buɗe wasa a gasar pul ta 14.1

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana dokokin pul (wasan zura ƙwallaye a ramukan tebur da sanda) irin na 14.1, wanda ake tara maki har ɗan wasa ya kai 100 ko 150. A wata gasa da na kalla, mai buɗe wasa ya bugi jerin ƙwallaye a hankali, guda ɗaya kawai ta taɓa bangon tebur, sai alƙali ya rage masa maki 2, abokin karawarsa kuma ya sa aka sake jerawa. Me ya sa maki 2, alhali sauran laifuffuka maki 1 ne? Idan ya maimaita sau uku, hukuncin ragin maki 15 na laifuffuka uku a jere zai hau kansa?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Alƙalin ya yi daidai. A dokokin hukumar pul ta duniya, WPA, mai buɗe wasa yana bugawa ne daga bayan layin farawa, kuma idan bai zura ƙwallon da ya ambata a ramin da ya ambata ba, wajibi ne farar ƙwallo, wato wadda ake bugawa da sanda, da wasu ƙwallaye biyu kowace ta taɓa bango bayan farar ta bugi jerin. Rashin cika wannan sharaɗi shi ne laifin buɗe wasa, kuma hukuncinsa ragin maki 2, ko da makin mutum zai koma ƙasa da sifili. Daga nan zaɓi yana hannun abokin karawa: ya karɓi tebur yadda yake, ko ya tilasta a sake bugun. Amma wannan laifi ba ya shiga lissafin laifuffuka uku a jere.

Amsa ta biyu:
Malam ya faɗi doka, ni kuma zan ƙara dalilinta. A wannan wasa buɗewa nauyi ne, shi ya sa wanda ya ci bugun tantancewa, wato bugun da ke ba da damar zaɓar mai buɗewa, yakan bar wa abokin karawarsa. Duk wanda ya tarwatsa ƙwallaye 15 ya shimfiɗa wa ɗayan tabarma, domin gwani zai iya tara maki masu yawa ba tare da ya zauna ba. Misali, shahararren ɗan wasan pul Willie Mosconi ya zura ƙwallaye 526 a jere a shekarar 1954. Saboda haka ƙwararru sukan ɗan shafi ƙwallon kusurwa ta layin baya, ƙwallayen kusurwa biyu su je bango su dawo kusa da jerin, farar kuma ta koma can nesa. Da hukuncin maki 1 ne kawai, da yawa za su gwammace su yi laifin da gangan. A ganina, ikon tilasta sake bugu ya fi maki 2 ɗin ciwo.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To idan sharaɗin ya cika amma farar ta faɗa rami fa?

Amsa ta farko:
Wannan laifi ne na yau da kullum: ragin maki 1, abokin karawa ya ɗauki farar ya buga daga bayan layin farawa, kuma ana ƙirga shi cikin ukun. Idan laifuffukan biyu suka haɗu a bugu ɗaya, ana ɗaukarsa laifin buɗe wasa. Wanda ya cika uku a jere kuwa, bayan maki 1 na laifin ƙarshe za a ƙara cire masa 15, a sake jera dukkan ƙwallayen, shi ne kuma zai buɗe bisa waɗannan sharuɗɗa.