Awannin aikin masu jiragen yawon buɗe ido: ma'auni ne ko kuwa?

Ɗalibin Tattalin Arziki: Assalamu alaikum. Raina a ɓace yake, domin malamin da ke duba aikina na kammala digiri ya yi watsi da batun da na kai masa tun bai karanta shi zuwa ƙarshe ba. Abin da na rubuta shi ne, Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka ta ware rukuni na musamman ga jiragen ruwa masu yawo da 'yan kallo, tana lissafa awannin da ma'aikatansu ke yi, kuma wannan ƙaramar sana'a za ta iya nuna inda tattalin arziki ya dosa. Hujjata ita ce, idan aljihu ya fara ramewa kuɗin shaƙatawa ake fara sokewa, shi kuma mai jirgi yakan rage wa ma'aikaci awanni tun kafin ya kai ga sallamarsa. Don Allah, ina laifin wannan magana?

Ɗan Sarkawa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, wa ya ce maka sana'ar jirgi ƙarama ce? Iyayenmu a kan ruwan Yawuri suka ci, suka sha, suka aurar da 'ya'yansu, kuma mutumin da ake damƙa wa rayukan jama'a a tsakiyar kogi bai cancanci a ƙanƙanta aikinsa ba.

Ɗalibin Tattalin Arziki: Yaya, yawan ma'aikata nake nufi, ba darajar aiki ba.

Malamin Lissafi: Yaron nan bai faɗi ƙarya ba, ƙaramar ce idan aka ajiye ta kusa da masana'antu. Shi ya sa awannin mako na ma'aikatan masana'antu ne suka shiga ma'aunin hasashen tattalin arziki da cibiyar bincike ta Conference Board da ke Amurka take fitarwa duk wata, na masu jirgi ba su shiga ba. Ga kuma matsalar yanayi: jiragen Maid of the Mist da ke magangarar ruwa ta Nayagara, a kan iyakar Amurka da Kanada, suna tsayawa cak da hunturu saboda ƙanƙara, don haka awanninsu za su faɗi kowace shekara ko da kasuwa tana ci.

Ɗan Sarkawa: Malam, kai da bakinka ka ambaci jiragen da suka fara aiki tun 1846, sannan ka kira sana'arsu ƙarama? Masana'antu nawa aka buɗe aka rufe a tsawon wannan lokaci?

Hajiya daga Alƙahira: Abin da ke ba ni takaici shi ne, duk lokacin da aka zo maganar ilmi sai a ruga Amurka. Ku zo ku ga kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan, inda gidaje da yawa ba su da abincin da ya wuce na jirgi. Masu ziyartar Masar sun kai miliyan 14.7 a 2010, suka faɗo ƙasa da miliyan 10 a 2011 bayan juyin juya hali, jirage suka yi ta zama a ɗaure a gaɓa. Wanda ya ga halin da iyalan matuƙan suka shiga ba zai ce ƙaramar sana'a ba.

Malamin Lissafi: Hajiya, misalinki ni ya goya wa baya. Tsoro ne ya hana baƙi zuwa, ba talauci ba, kenan awannin sun auna zaman lafiya ne, ba aljihun matafiya ba.

Hajiya daga Alƙahira: Ka taɓa taka Aswan, Malam, ko a takarda kawai ka san ta?

Malamin Lissafi: Ba sai na je ba kafin in karanta alƙaluma, kuma ba na jin ya dace a mayar da muhawara gasar tafiye-tafiye.

Shugaban Zaure: Zan rufe a nan kafin rai ya ƙara ɓaci. Abin da na fahimta shi ne, mafi rinjaye sun yarda cewa sana'ar jirgi babba ce, kuma Ɗan Sarkawa da Hajiya, waɗanda suka san ruwa da idonsu, sun kawo hujjar da ta fi nauyi. Ni ma jikan masunta ne, na san abin da suke faɗa. Malamin Lissafi ya yi ƙoƙari, sai dai maganarsa ta tsaya a kan takarda. Ɗalibi kuma ya cire kalmar "ƙarama" daga aikinsa kafin ya koma wurin malaminsa.