"Da ruwan ciki ake jan na rijiya": Innata ta yi daidai da ta kawo shi a zancen ofera?

'Yar Zazzau a Jamus:
Assalamu alaikum. Tambayata kan karin magana ce, amma bari in faɗi abin da ya jawo ta. Ina karatu a Bayreuth, wani ƙaramin gari a jihar Bavariya, wanda ya yi suna da bikin ofera na Richard Wagner, Bajamushen nan mai tsara kiɗa, da ake yi kowace shekara daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta. Ga wanda bai sani ba, wasan kwaikwayo ne da ake rera shi daga farko har ƙarshe, makaɗa na bi. Malamar da ke duba aikina tafiya ta kama ta, sai ta ba ni tikitinta. Sunan wasan Götterdämmerung. Ana farawa ƙarfe 4 na yamma, ba a tashi sai bayan 10 na dare. Hutu biyu ne, kowane awa guda, kashin farko kaɗai kuma ya kai awa 2, da zarar an rufe ƙofa ba shiga.

Na gaya wa Innata a waya, ta ce: "Ki tuƙa tuwo ki ci ki ƙoshi kafin ki fita, da ruwan ciki ake jan na rijiya." Ni kuwa na san kaina, in na ci tuwo da rana, aka kashe fitila, sai dai a tashe ni. Shin wannan karin maganar ta ci da ƙoshi ce?

Ɗan Kasuwar Kurmi:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, Allah ya ƙara wa Inna lafiya, amma ta ɗauko maganar kasuwa ta kai ta madafi. Zancen jari ne wannan. Ba ka da sisi, ba ka jawo sisi. Yaro ya zo ya ce maigida a ba shi kaya bashi, sai a tambaye shi me ya zo da shi a hannu, a ce masa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shekarata talatin a kasuwa, ban taɓa jin an faɗa wa mai shirin cin abinci ba.

Malamin Hausa Mai Ritaya:
Alhaji, ma'anar da ka kawo gaskiya ce, ita ta fi yawo a bakin mutane. Sai dai kafin maganar ta shiga kasuwa a bakin rijiya aka haife ta. Duk wanda ya taɓa jan guga a rijiya mai gaba ashirin da rani ya san makogwaro a bushe ba ya wannan aiki. Inna ta mayar da maganar gidansu ne kawai, kuma babu laifi a haka. Inda zan rabu da ita shi ne awo. Masu magana ba su ce da tuwon ciki ba. Ruwa suka ce, abu mafi sauƙi da ciki ke ɗauka. Mai jan ruwa yana kurɓar abin da zai ba shi ƙarfin jan igiya, in ya cika tumbi ko sunkuyawa ba zai iya ba. 'Yata, karin maganar tana bayanki fiye da yadda take bayan Inna.

Uwar Biyu:
Allah ya gafarta Malam, a nan ban yarda ba. Yaushe ruwa a bakin Bahaushe ya tsaya ga ruwa? Da azumi in an ce a zo a sha ruwa, me ake ajiyewa a tabarma? Kunu, ƙosai, dankali, har da farfesu. Baƙo ya zo a ce a kawo masa ruwa, fura ce ke fitowa. To ruwan ciki ma duk abin da aka zuba wa ciki ne. Inna ta san Hausarta.

Malamin Hausa Mai Ritaya:
Hajiya, kin kama ni a nan, na sallama rabi. Amma duba abin da kika lissafa. Shan ruwa buɗe baki ne, tuwo sai bayan isha'i. Furar baƙo ma ta tare yunwa ce kafin a gama girki. Ko a misalanki, ruwa bai kai ga malmala ba.

Direban Dogon Zango:
Ni ban san ofera ba, amma na san zama wuri ɗaya awa shida. Direban da ya san kansa ba ya cin sakwara da miyar agushi sannan ya kama sitiyari. Shayi da biredi, goro a aljihu. Yarinya, ki nemi goro in ana samu a can.

Nas Mai Aikin Dare:
Ku bar ni in yi maganar cikin kansa, masu Hausa su ci gaba da tasu. Abinci mai nauyi, musamman mai maiƙo, yana daɗewa a ciki, kuma da ma tsakanin azahar da la'asar jiki na yin sanyi ko ba a ci komai ba. Ki haɗa wannan da duhu da zafi, barci ne kawai. Ki ci abincin rana wajen ƙarfe 1, kar ki kai 3. 'Yar shinkafa ko dankalin Turawa, kifi ko dafaffen ƙwai, ganye kaɗan. Ban da wake, ban da yaji mai yawa, ban da ɗanyar albasa da tafarnuwa, don tausayin na kusa da ke. Wajen 3 ki ci ayaba ɗaya. Dabino biyar ko bakwai a jaka saboda hutu.

Abin dariyar kuma, ruwan da kuke ta gardama a kai shi ne abin da za ta fi yin hattara da shi. Ki sha sosai da safe da rana, awa guda kafin shiga ki koma kurɓa. Awa 2 ba fita ba wasa ba ne. In an fito hutun farko sai ki rama.

Tsohon Ɗalibin Bavariya:
Na shiga zauren nan sau ɗaya, Anti Nas ta yi gaskiya. Tun 1876 aka buɗe shi, kuma har yanzu kujerun katako ne masu tauri, babu na'urar sanyaya ɗaki, layin kujeru kuma dogo ne daga wannan bango zuwa wancan, ba hanya a tsakiya. In kina tsakiyar layi kika matsu, mutum nawa za ki tayar? Kuma ginin yana ɗaukar sauti ƙwarai, makaɗa ma a ƙarƙashin dandali suke, a rufe, ba a ganinsu. Cikin da ke kukan yunwa sai maƙwabta sun ji, haka ƙarar ledar alewa. Saboda haka zuwa da ciki fayau ma kuskure ne.

Ki lura da abincin hutu. Abin da jama'a ke yi wa layi shi ne gasasshen sosej na yankin, kuma naman alade ne. Abin da ke cikin dogayen kofunan gilashi mai kumfa giya ce. Ki tsaya ga biredin nan nasu mai gishiri da aka murɗe, da ruwa ko lemo. La'asar za ta same ki a hutun farko, akwai lambu kewaye da ginin, awa guda ta ishe ki salla da cin dabino. In lokacin komawa ya kusa, masu ƙaho za su fito baranda su busa: sau ɗaya saura minti 15, sau biyu saura 10, sau uku saura 5.

Ɗan Birni:
Ni dai na ce a bar rijiya, ga wadda ta fi dacewa: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta bar wa waƙa wuri.

Uwar Biyu:
Kai yaro, wannan ta riƙe sirri ce. Ana faɗa wa mai surutu, wanda duk abin da ya ji sai ya amayar. Ina ruwanta da waƙa?

Ɗan Birni:
Hajiya, a yi mini haƙuri, amma farin ciki da baƙin ciki a ina suke zama? Ba a ciki ba? In Bahaushe ya ajiye murna da ɓacin rai a ciki, to abin da za ta je ji ma can zai sauka. An ce wasan da mutuwa da gobara yake ƙarewa.

Malamin Hausa Mai Ritaya:
Ɗana, kanka na ja, kuma batun farin ciki da baƙin ciki ka faɗi daidai. Amma karin magana ba na mai wayo ɗaya ba ne, abin da jama'a suka saba ji shi ne ma'anarta. Ka faɗa wa tsohuwa wannan a kan abinci, za ta zaci ka ce ta cika baki. Ta Inna kuwa kowa ya ji ya gane, ko da ya yi gardamar yawan abin da za a ci.

Baba Mai Carbi:
Kun zagaya kun zagaya, alhali awon yana cikin hadisi: kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Jikata, ki bi wannan. Ni dai abin da ya ɗaure mini kai, mutum da lafiyarsa ya zauna awa shida a kan katako yana jin waƙa da harshen da ba nasa ba. Don kyauta aka ba ki? Kwaɗayi mabuɗin wahala.

'Yar Zazzau a Jamus:
Baba, na karɓi faɗan. Amma a da mutane kan yi shekaru suna jiran tikitin nan, in na mayar wa malamata ban san da wane ido zan kalle ta ba.

Ga yadda aka yi jiya. Ƙarfe 1 na ci shinkafa ludayi biyu da kifi, 3 na ci ayaba, na tafi da dabino bakwai da ɗan matashin zama. Goro ban samu ba, Malam Direba. Kashin farko ban yi barci ba, amma wani dattijo a gefena, sanye da baƙar kwat, tun kafin a yi awa ɗaya kansa ya fara lilo. A hutun farko na yi la'asar a bayan wata bishiya, na ci dabino huɗu da biredin mai gishiri, gishirin ya sa na shanye kwalbar ruwa guda, na kuwa ji a jikina kafin hutu na biyu. Wannan laifina ne, Anti Nas. Yunwa ta gaske ba ta zo ba sai da aka tashi, ina saukowa daga tudun da zauren yake a kai. Na isa ɗaki wajen 11, na ɗumama tuwon semo da miyar kuka da na tuƙa tun safe.

Na kira Inna yau na ba ta labari. Ta ce, "To ba ga shi ba, tuwon dai kika koma wa."

Ɗan Kasuwar Kurmi:
A gaishe da Inna. Amma har gobe maganar jari ce.