Da wace manhaja zan haɗa darussana su zama kwas guda?

Malamar Lissafi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina koyar da masu ƙaramar sana'a yadda ake rubuta shige da fice, bashi da riba. Na ɗauki darussa 14 da wayata, ina tura wa ɗalibai ta WhatsApp. Damuwata ita ce ban san wa ya kalla ba, wa bai kalla ba. Makon jiya wata ɗaliba ta nuna min littafinta, na ga ta haɗa uwar kuɗi da riba a layi ɗaya, abin da na shafe minti 20 ina bayaninsa a darasi na 3. Ashe bidiyon ya nutse cikin saƙonnin guruf, ko buɗe shi ba ta yi ba. Abin ya tsaya min a rai. Wuri nake so da darasi zai bi darasi, da 'yan tambayoyi, in riƙa ganin makin kowa. Ku taimaka min da shawara.

Mai Gyaran Kwamfuta: Wa alaikumus salam Malama. Abu biyu kike nema: abin da za ki ƙera darasin da shi, da gidan da zai zauna. A wajen gida, ni Moodle na yarda da ita. Martin Dougiamas ne ya fito da ita a Ostareliya a 2002, kyauta ce, sai dai kina buƙatar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi a intanet, da za a ɗora ta a kai, da wanda zai riƙa kula da ita. Za ki iya kulle darasi na 4 har sai ɗalibi ya ci tambayoyin na 3. Manhajarta ta waya kuma tana barin a sauke darasi a karanta ba intanet. Ki haɗa da H5P, manhajar saka tambayoyi a cikin bidiyo: bidiyo yana cikin tafiya sai ya tsaya, tambaya ta fito, "wannan kuɗin jari ne ko riba?" Nan take za ki kama irin kuskuren ɗalibarki.

Tsohon Malami: 'Yata, idan ɗaliban ba su da yawa, fara da Google Classroom, a yini ɗaya za ki gane kanta. Amma minti 20 ya yi tsawo, ki yanka shi gida uku ko huɗu, ki rage nauyinsa da manhajar HandBrake. Kuma don Allah ki adana asalin bidiyoyinki a wurinki. Na taɓa ɗora aikin shekara guda a wani shafi, suka rufe, ban tsira da komai ba.

Malamar Lissafi: Allah ya saka da alheri, Baba, Allah ya mayar maka da mafi alheri. Saura tambaya ɗaya. Da Hausa nake koyarwa. Idan amsa "kuɗi" ce, ɗalibi ya rubuta "kudi" saboda wayarsa ba ta da ɗ mai lanƙwasa, manhajar za ta kayar da shi?

Mai Gyaran Kwamfuta: Za ta kayar da shi idan amsa ɗaya kika ba ta. A tambaya mai gajeriyar amsa, Moodle tana karɓar amsoshi da yawa. Ki shigar da "kuɗi", "kudi" da "kud'i", ki ba kowacce cikakken maki. Kafin ki buɗe wa ɗalibai, ki shiga a matsayin ɗaliba da wayar da ta fi tsufa a hannunki, ki amsa tambayoyin da kanki.