Da me zan auna farashin gyaɗar 1930?

Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Ina digiri na biyu a tarihin tattalin arziki a nan Katsina, kuma babi na uku ya cije.

Bincikena a kan karayar tattalin arzikin duniya ne da ta faro daga Amurka a 1929, da yadda ta taɓa manoman gyaɗa da auduga na ƙasar Katsina. Na samo farashi a takardun mulkin Turawa da ke gidan adana tarihi na Kaduna, duk a fam da sule da kwabo. Malamina ya ce faɗuwar farashi kaɗai ba hujja ba ce, sai na nuna abin da kuɗin ke iya saye wa manomi. Gaskiyarsa, don Ingila ma ta daina ɗaure darajar fam da zinariya a 1931, darajarsa ta sauya.

To da me zan auna? Farashin gero, wanda ke hawa da sauka da damina, ko harajin da En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, ke karɓa? Na fi karkata ga haraji, tunda da tsabar kuɗi ake biyansa. Wanda ya taɓa irin wannan lissafi, don Allah ya nuna mini hanya.